Kafin a Rataya wa Wurno Fitilun Ado

Yayin fitilun ado ya kama garuruwan Arewa. Shataletale, ƙofar gari, gidan mai, hasumiyar masallaci, wurin wasan yara, duk inda aka samu abu mai tsayi sai a nannaɗe shi da igiyar ƙananan ƙwayayen lantarki, ja da kore da shuɗi, su yi ta ƙyaftawa har asuba. A birnin Sakkwato abin ya zama ruwan dare, kuma abin da ya zauna a birni ba ya daɗewa sai ya kama hanyar Wurno da Rabah da Goronyo. Ina son haske a garuruwan nan, ina kuma son a riƙa ganin wuraren tarihinsu da dare. Abin da nake tsoro shi ne a yi musu irin kwalliyar da ake yi wa wurin lilon yara.

Arha ce ta kawo yayin. Ƙwan da ake kira LED ba ya cin wuta, ba ya ɗaukar zafi sosai, ƙaramin faifan sola da batir ɗaya sun ishe shi kwana. Tun da wasu masana uku 'yan asalin Japan suka gano yadda ake fitar da shuɗin haske daga cikinsa, aikin da ya kai su ga lambar Nobel a 2014, masana'antun Sin suka cika duniya da shi. Yau a kasuwa da mita ake auna maka igiyar a yanka.

Salon kuwa daga wuraren shaƙatawa na Turawa muka gano shi. A wurin wasa na Disney da ke Florida ta Amurka akwai wata fada da aka buɗe a 1971, tsayinta ƙafa 189. Daga 2007 suka fara lulluɓe ta da ƙwayayen fitila sama da 200,000 duk ƙarshen shekara, har ta riƙa ƙyalli kamar ƙanƙara ta rufe ta, daga 2020 kuma suka koma haska mata hotuna da majigi. Hotunan sun zagaya duniya a waya, kowane ɗan kwangila ya gani. Amma wannan fada ba sarkin da ya taɓa kwana a cikinta. Da ƙarfe da kankare da roba aka yi ta, domin mutum ya sayi tikiti ya kalle ta ya ɗauki hoto. Ƙyalli yana cikin aikin da aka gina ta dominsa, shi ya sa ya karɓe ta.

Wurno kuwa ribaɗi ne. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zauna a cikinsa yana tsaron iyakar daula ta ɓangaren Gobir, a nan Allah ya karɓi ransa a 1837, a nan kuma hubbarensa yake. Ɗansa Aliyu Babba ya ci gaba da zama a garin, a zamaninsa ne wani matafiyi Bajamushe mai suna Barth ya sauka Wurno a 1853. Wanda ya taso daga Kano ko Maraɗi ya zo ziyara, sallama ya zo yi da addu'a, cikin natsuwa, ya cire takalmi ya sassauta murya. Idan ya tarar da bango yana canza launi duk bayan daƙiƙa biyu, an raba masa hankali tun daga ƙofa. Ga kuma maganar da ta fi wannan nauyi: malamai sun daɗe suna kawo hadisin da ya hana kunna fitilu a kan kaburbura. Bello, marubucin Infaƙul Maisuri, wanda ya ƙare rayuwarsa yana karantarwa a kan bin Sunna, shi ne mutum na ƙarshe da ya kamata a yi wa makwancinsa abin da zai jawo jayayya. Hasken da wurin yake buƙata na masu rai ne: hanyar da tsoho zai taka da sandarsa bayan isha'i, bakin ƙofa, wurin alwala, farfajiyar da baƙi ke zama.

Haska gini sana'a ce mai ƙa'ida, kuma ƙa'idarta ta farko ita ce a ga ginin kafin a ga fitilar. Ginin Hausa da inuwa yake magana. Zanen da magini ya fitar a fuskar zaure, zankwayen da ke kan soro, lanƙwasar bakan gizo, duk da rana inuwa ce ke fito da su. Idan aka dasa fitila ɗaya ko biyu a ƙasa, ɗan nesa da bango, haskensu yana hawa a karkace, zanen zai tashi ya fi yadda yake da tsakar rana. Idan kuwa aka bi gefen ginin da igiyar fitilu, ido igiyar zai bi, ginin ya koma baƙin allo a bayanta. Launi ma haka. Jar ƙasa da makuba suna son haske mai ɗan rawaya, irin wanda fitilar ƙwai ke bayarwa. Farin nan mai shuɗi-shuɗi yana kashe musu jiki, sannan ya fi kiran ƙwari, kuma duk wanda ya san fadamar Rima da damina ya san abin da fitila ɗaya ke tarawa a dare ɗaya. Sai ƙusa. Mai rataya fitila ba magini ba ne, zai kafa ƙusa a inda hannunsa ya kai, ruwan sama ya bi ramin ya shiga cikin bango. Tsofaffin gine-ginen ƙasa da suka rage mana ba su da yawan da za mu yi wasa da su haka.

Su kansu waɗanda suka ƙware a harkar sun san a taƙaita. Hasumiyar Eiffel ta birnin Faris, tun 1985 a cikin jikin ƙarfenta aka ɓoye fitilun da ke haska ta, don a ga saƙar ƙarfen. Ƙwayaye 20,000 masu ƙyaftawa da aka ƙara mata minti biyar kawai suke yi a kowace awa. A 2022, da makamashi ya yi tsada, hukumar birnin ta koma kashe hasken tun ƙarfe 11:45 na dare.

Rabah maganarta gajeriya ce. Garin da aka haifi Sardauna Ahmadu Bello, tattaɓa-kunnen Bello na Wurno, inda ya riƙe sarautar Sarkin Rabah daga 1934, ya cancanci ƙofar gari da matafiyi zai iya karanta sunanta da dare. Haske tsayayye mai launi ɗaya ya isa.

Inda zan yarda a saki hannu shi ne Goronyo. Madatsar ruwan da aka kammala a 1984 aka ƙaddamar a 1992, mai ɗaukar ruwa kimanin mita kubik miliyan 942, aikin injiniyoyin zamani ne, ba ta da wata alfarma da launi zai taɓa. Ruwa kuma yana son fitila, yana ninka ta. Da za a yi wurin shaƙatawa a gefenta, nesa da ƙofofin ruwa, inda iyali za su je da yara ranar Sallah, can ne ja da kore da shuɗi za su sami gida, kuma zan yi murna da su da zuciya ɗaya. Yaranmu na da haƙƙin ganin abin sha'awa ba sai an kai su Abuja ba.

Na san abin da mutumin gabashin Sakkwato zai ce: wane ado ake magana alhali mutane ba sa barci da ido biyu? Yana da gaskiya. Ba a manta da harin da aka kai kasuwar Goronyo a Oktoban 2021 ba, ba a manta da harin Tabanni ta ƙasar Rabah a 2018 ba, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. A yankin da ake tsoron dare, fitilar farko ta tasha ce da kasuwa da asibiti da lungun da ke kaiwa masallaci. Duk shugaban ƙaramar hukumar da ya ƙawata shataletale ya bar ɗakin haihuwa ana haska shi da tocilar waya, ya ci amanar kuɗin jama'a. Sai dai ban yarda a jingine maganar haska wuraren tarihi har sai komai ya daidaita ba. Fitilu kaɗan da aka dasa da tunani a harabar hubbare ba su kai kuɗin igiyoyin shataletale ɗaya ba.

Abin da zai kashe aikin, ko na Wurno ko na Goronyo, rashin kula ne. Ƙurar hunturu tana rufe faifan sola har ya kasa cika batir. Zafin bazara, da ke haura digiri 40 a watan Afrilu, yana rage wa batir kwana. Ɓarayi sun san darajarsa. Igiyar ado mai arha kuwa gutsure-gutsure take mutuwa, rabi na ci rabi ya mutu, wurin ya fi muni a kan lokacin da ba a saka komai ba. Saboda haka tun kafin a sa hannu a kwangila ya kamata a zauna da masu kula da hubbare da Sarkin Magina da malaman gari, a nuna musu inda kowace fitila za ta tsaya, a gwada ta dare ɗaya su gani da idonsu. A cikin takardar kuma a rubuta wanda zai riƙa goge faifan duk mako, da wanda zai riƙe makullin akwatin batir, da asusun da za a ciri kuɗin sabon batir idan na farko ya mutu.