Matsayin Liƙi a Ƙirar Kayan da Ake Hurawa

Masu ƙira da ɗaliban injiniya sun karkata a 'yan shekarun nan ga yin samfurin kayan da ake hura wa iska ta hanyar liƙe yadi da zafi, maimakon ɗinki ko gam. Yadin nailan ne da aka shafa wa robar TPU, wadda ke narkewa da zafi ta daskare in ta huce. Ana haɗa falle biyu, fuskar roba na duban fuskar roba, a shimfiɗa takarda mai jure zafi a kai, a bi layin da aka zana da ƙaramin dutsen guga, sannan a danne kafin wurin ya yi sanyi.

Dabarar tana da tarihi, domin kujerar Blow da kamfanin Zanotta na Italiya ya fitar a 1967 ledar PVC ce da aka liƙe. Abin da ya sabunta shi ne amfani da layin liƙin wajen tsara motsi, kamar a aikin aeroMorph da Jifei Ou da abokan aikinsa suka gabatar daga jami'ar MIT a 2016, inda siffar liƙin ke zama gaɓa mai lanƙwashe yadin da zarar iska ta shiga. Dalilin kuwa shi ne duk sashen da ke tsakanin layi biyu yana tsukewa yayin da ya kumbura, tsukewar da a lissafi ba ta wuce kimanin kashi 36 cikin ɗari.

Wannan sauƙi abin maraba ne, tun da ɗalibi na iya gwada siffa goma a wuni guda ba tare da injin masana'anta ba. Sai dai ya sa ana gaggawar yabon siffa, ana barin liƙi ba bincike, alhali a nan aikin yake tsayawa ko ya rushe. Liƙin falle biyu a shimfiɗe shi ne mafi sauƙin yi, kuma shi ne mafi rauni, saboda iska tana ɓamɓare shi daga ciki, saɓanin liƙin da aka ɗora gefe a kan gefe, wanda ƙarfin ja ke bazuwa a duk faɗinsa. Bugu da ƙari, jan da yadi ke sha yana ƙaruwa da girman abin, ta yadda bututun da aka ninka faɗinsa zai ɗora wa liƙinsa ninkin ja ko da matsin iskar bai canza ba, don haka nasarar ƙaramin samfuri ba ta zama hujja ga babba.

Abin da ya kamata a nema daga mai samfuri bai fi abin da mai faci ke yi wa tayar da ta sace ba: a shafa ruwan sabulu a kan liƙi da gindin bawul a duba kumfa, a bar abin ya kwana a hure, a kuma sadaukar da guda ɗaya a hura shi har ya fashe, a rubuta matsin da ya fasa shi da wurin da ya fara buɗewa.