Karta, kaye da mutuwa: a kan wasan The Wretched

Ranar da wani abokinmu mai karatu a Sakkwato ya nuna mana wasan nan cikin wayarshi, dariya na yi mishi. Wasa kai kaɗai, ba abokin karawa, kuma tun ba ka fara ba an gaya maka da wuya ka tsira? Mu da munka tashi da dara da ludo da langa, wasa a wurinmu sai da wanda za ka kayar ka yi mishi ihu.

Sunan wasan The Wretched. Chris Bissette, wani marubuci a Ingila, ya fitar da shi a 2020, lokacin kullen korona. Kai ne mutum na ƙarshe da ya rage cikin wani jirgin sararin samaniya. Wata halitta ta kashe abokan tafiyarka, injin ya mutu, kana ta aika kiran neman agaji ba ka san ko akwai mai ji ba. Kayan wasan: karta 52, ƙwayar ludo, da hasumiyar ƴan katakai. Kowace rana ta cikin labarin sai ka jefa ƙwaya, ka ja karta daidai adadin da ya fito. Kowace karta da abin da take kawo maka, wata tambaya ce, wata ta ce ka zare katako guda. Hasumiya ta faɗi, ka mutu. Sarakuna huɗu sun fito, ka mutu. In rana ta ƙare ka ɗauki muryarka kana ba da labarin yinin, kamar vokal ɗin da ba za ka tura wa kowa ba.

Ba mu da irin katakan nan a Ƙonni, sai na yi da ƙwayoyin sukarin shayi: maimakon in zare, ɗorawa nake har su rushe. Murya kuwa kunya ta hana ni, sai na koma rubutu cikin kaye. Kartar ma ɓoye ta nake, don in Inna ta gani caca za ta ce.

Ga abin da ya sa na daina dariya. Bara yayana ya rasu, hatsarin moto a hanyar Malbaza. Kun san aikin saurayi a gidan rasuwa: gina kabari, ɗauko tabarmi, kai ruwa, raka baƙi. Kwana uku ina amsa gaisuwa, «Ya haƙuri?», «Haƙuri sai ma'abba». Gida cike da mutane, kuma Allah ya saka musu, don ba su bar mu mu kaɗai ba. Amma babu wanda ya tambaye ni me na tuna game da shi, ni ma da an tambaya da ban amsa ba. Watanni bayan haka wata karta ta sa in yi magana a kan ɗaya daga cikin matattun jirgin. Na fara ƙirƙirar wani baturen injiniya, kafin in cika shafi na ga ashe yayana nake rubutawa: yadda yake tauna goro gefe guda, da jaka biyun da ya ara bai biya ni ba. Daren nan na yi barci irin wanda na daɗe ban yi ba.

Ƙarfin wasan ke nan. Ba ya ce maka faɗi damuwarka. Riga yake ara maka ta wani, ka shiga ciki ka faɗi abin da ba ka iya faɗi da bakinka. Kuma karta ce ke zaɓen tambaya, ba kai ba, don haka ba ka da damar kewaye wurin da ke ciwo.

Sai dai ina da ƙorafi, kuma babba ne. Mutuwar cikin wasan nan marainiya ce. Ba wanka, ba likkafani, ba sahu, ba mai cewa Allah ya jiƙan rai. Hasumiya ta faɗi, shi ke nan, an kashe fitila. Mu kuwa an koya mana tuna mutuwa don abin da ke bayanta. Waƙoƙin wa'azi na zamanin Shehu Usmanu, wanda aka haifa a Maratta nan ƙasarmu a 1754, cike suke da kabari da hisabi. Wasan ya san tsoro sarai, amma bai san jana'iza ba. Wasu kartocin kuma tsoratarwa ce kawai irin ta fim ɗin dodo, na wuce su ba tare da sun taɓa ni ba. Wanda rasuwar ke ɗanya a zuciyarshi, ban ba shi shawarar ya fara da wannan ba.

Abin da wasan ya rasa, a fada munka same shi ba da shiri ba. Mu huɗu kowa ya yi nashi a ɗakinshi, ranar Alhamis da dare munka kawo kaye, ana dafa shayi ana karantawa. Wani ɗan Illela, wanda ban taɓa ganin ya yi maganar kirki ba sai tsokana, ya karanta shafi biyu a kan wata mai dafa abinci a jirgin. Ya kai tsakiya ya tsaya. Duk mun gane kakarshi ce. Babu wanda ya ce komi, mai shayi ya miƙa mishi kofin farko, ya shanye, ya ci gaba daga inda ya tsaya.