Hutun da Ba a Hutawa: Nazari Kan Tafiya Gida Sallah

Ana saura kwana biyu Sallah, duk wanda ya leƙa tashar Zuba ko Jabi a Abuja, ko tashar Kawo a Kaduna, zai ga ikon Allah. 'Yan kamasho na kiran Kano, Katsina, Sakkwato, kuɗin mota ya tashi, amma ba mai fasa tafiya. But ya cika da buhun shinkafa, jarkar mai da ledar ɗinkin yara. In Babbar Sallah ce, har rago ake ɗaurewa a saman kaya. Ma'aikaci da ɗan kasuwa da mai gadin gidan wani, kowa ya nufi gida.

A takarda, hutu ne. Ma'aikatar harkokin cikin gida kan ba da kwana biyu a kowace Sallah, dokar ƙwadago kuma ta ce wanda ya cika shekara yana aiki yana da haƙƙin hutun aƙalla kwana shida da albashinsa. Masu dabara kan haɗa wannan da wancan su samu mako guda. Sai dai abin da Bahaushe ke yi da makon nan bai yi kama da hutu ba ko kaɗan. Bashi ya je biya, bashin zumunci da ya taru a kansa tsawon shekara.

Tafiyar ta girmi albashi da ofis. Fatake da 'yan ci-rani sun daɗe suna auna shekararsu da ranar komawa gida, kuma tun da layin dogo ya iso Kano a 1911, Hausawan da suka zauna a Sabo ta Ibadan da Agege ta Legas suka samu hanyar zuwa ganin gida cikin kwanaki maimakon makonni. Ma'aikacin yau gadon wannan al'ada ya ci, agogo kawai aka ƙara masa.

Abin da ya fi jan hankali shi ne tsarin gaisuwar, domin ba a yin ta da ka. Bayan an sauko daga idi an ci tuwon Sallah, iyaye ake fara durƙusa wa. Daga nan sai yayyen uba da ƙannensa, sai gwaggo, sai ɗakin kawu da inna, sai surukai, waɗanda tsallake su kan jawo magana har Sallah ta zagayo. Gidan da aka yi rasuwa yana can wurin aiki, ko da ya yi ta'aziyya ta waya, dole ya taka ya zauna a tabarma a sake addu'a. Wadda ta haihu a yi mata barka, malamin allo a kai masa goro. Kowane gida da tambayarsa: "Ya hanya? Ya mutanen Abuja? Ina ka baro min jikokina?" Abokai su ne na ƙarshe, sai bayan isha'i a majalisa ko teburin mai shayi, kuma a nan ne kaɗai mutum ke miƙe ƙafa ya yi dariya irin ta ƙuruciya.

Wannan zagaye makaranta ce. Yaron da aka haifa a Kubwa ta Abuja a nan yake sanin wace ce kakarsa ta wajen uwa, wane ne abokin wasansa, da dalilin da ya sa ba a miƙa wa babba hannu a tsaye. A nan ake jin wa ke kwance ba lafiya ana ɓoyewa, wa ya kasa biyan kuɗin makaranta, wace yarinya ta isa aure. A Kano kuwa akwai ƙarin armashi, Hawan Daushe da Hawan Nassarawa, al'adar da UNESCO ta sa cikin jerin al'adun gargajiya na duniya a Disambar 2024.

Sai dai hanyar zuwa gidan ce ta fara gagara. Bayan harin da aka kai wa jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris 2022, jirgin bai sake tashi ba sai Disamba, Sallah biyu suka wuce mutane na bin titin da suke tsoro ko su haƙura. Cire tallafin fetur a Mayun 2023 ya ƙara tsawwala kuɗin mota, har mai mata da 'ya'ya huɗu ya koma zuwa shi kaɗai. A sassan Zamfara da Katsina lamarin ya fi ciwo: akwai waɗanda ƙauyen da za su je ya watse, iyayen ma suna gudun hijira a cikin gari.

Sai waya ta shigo ta cike gurbi. Goron Sallah ya koma alat na banki, gaisuwa ta koma saƙon murya a zauren dangi na WhatsApp. Ba abin rainawa ba ne, domin kuɗin na isa, kuma yana toshe ɓaraka. Amma tsohuwa ba ta iya shafa kan jika ta waya, kuma ɗan da ya kira daga nesa "lafiya lau" kawai za a ce masa, ko da maganin hawan jinin mahaifinsa ya ƙare tun makon jiya. Wanda ya zo da ƙafarsa shi ke ganin kwalin a kan taga babu komai a ciki.