Gwanin Auna Yashi a Matatar Ruwa

Ba kowane yashi ake zubawa a gurbin tace ruwan sha ba. Akwai gwanin da zai ɗebi yashin ya busar, ya auna nauyinsa, ya zuba a jerin rariyoyi da aka ɗora bisa juna, mai manyan idanu a sama, mai ƙanana a ƙasa. Bayan ya girgiza, sai ya auna abin da ya tsaya a kowace rariya. Daga nan zai fitar da lamba ɗaya tak wadda za ta wakilci miliyoyin ƙwayoyi masu girma daban-daban.

Wanda bai san aikin ba zai ɗauki matsakaicin girma ya wuce. Gwani ya san ruwa ta ƙofofin da ke tsakanin ƙwayoyin yake kurɗawa, kuma ƙananan ƙwayoyi ne ke cusa kansu cikin waɗannan ƙofofi su matse hanya. Saboda haka su ke da ta cewa, komai ƙarancinsu. Wannan ne injiniyan Amurka Allen Hazen ya gano a 1892, a tashar gwaji ta Lawrence da ke jihar Massachusetts. Ya nuna cewa girman da za a dogara da shi shi ne na idon rariyar da kashi 10 cikin 100 na nauyin yashin ke wucewa ta cikinsa.

Kuskure kaɗan a nan babbar asara ce. Idan ruwa na tafiya a hankali, irin wanda Henry Darcy ya nazarta a birnin Dijon na Faransa a 1856, rage girman ƙwaya da rabi yana ninka wahalar wucewarsa sau huɗu. Yashi ya cika laushi, matata ta toshe da wuri; ya cika kaushi da girma, datti ya bi ruwa ya fice. Shi ya sa a matata mai tacewa sannu a hankali ake neman ƙwaya daga milimita 0.15 zuwa 0.35, kuma ƙwayoyin su yi kusa da juna a girma. Ga ruwa ko iskar gas mai gudu da ƙarfi, kamar a matatun man fetur, lissafin Sabri Ergun na 1952 ake bi. Mai haƙa rijiyar burtsatse da ya san aikinsa ma da rariya yake zaɓar tsakuwar da zai zuba kewaye da bututu.

Amfanin tace ruwa da yashi ya bayyana a shekarar ta 1892 a Jamus. Kwalara ta kashe sama da mutum 8,000 a Hamburg, mai shan ruwan kogin Elbe ba tare da tacewa ba. Maƙwabciyarta Altona, mai ɗiba daga kogi ɗaya amma tana tacewa da yashi, ta tsira da asara kaɗan.