Kunnen Hukuma da Zauren Bahaushe

Duk wanda ya san ginin gidajen Agye da Gazawa ya san matsayin zaure: nan baƙo yake tsayawa, ya yi sallama, ya jira a amsa masa. Ko dogarin sarki ba ya zarcewa cikin gida kai tsaye. Da wannan ma'auni ya kamata a auna dokar sauraren sadarwa da Majalisar Dokokin Nijar ta amince da ita ranar 29 ga Mayun 2020, bayan ƴan adawa sun fice daga zaman.

Hujjar masu dokar tana da ƙarfi, kuma mutanen Gidan Rumji sun fi kowa saninta. Tun 2019 dubban ƴan gudun hijira daga Sakkwato da Zamfara suka kwararo yankinsu, ƴan bindiga kuma suka biyo sawu, suna kore dabbobi, suna sace mutane. Da wayar salula ake cinikin kuɗin fansa, da ita ɗan rahoto yake tsegunta wa ɓarayi gidan da aka sayar da sa. Uban da aka ɗauke wa ɗa ba zai ƙi a saurari wayar kowa ba.

Aibin dokar yana wajen mai ba da izini. Tsarin mulkin 2010, a sashe na 29, ya kare sirrin wasiƙu da sadarwa. Dokar 2020 kuwa ta damƙa izinin saurare a hannun Shugaban Ƙasa, ba tare da an nemi yardar alƙali ba, kwamitin da aka kafa don sa ido kuma ɓangaren gwamnati ne ke naɗa mafi yawan membobinsa. Wato mai son shiga gidan shi ne mai amsa wa kansa sallama. Dattawan da suka rayu zamanin Seyni Kunce ba su manta da hukumar leƙen asirin da Bonkano ya jagoranta ba, lokacin da mutum kan waiwaya kafin ya yi magana a majalisar shayi.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 an dakatar da tsarin mulkin kansa. A 2024 aka maido da hukuncin ɗauri kan ɓata suna ta intanet, aka kuma buɗe kundin sunayen waɗanda ake zargi da ta'addanci, wanda shiga cikinsa kan iya jawo ƙwace takardar zama ɗan ƙasa.

Malamanmu suna karantar da Suratul Hujurati, wadda ta hana bin diddigin asirin mutane, amma ba kasafai suke haɗa ta da salular da ke aljihun ɗalibansu ba. Manomin Gazawa da ya fara zargin ana sauraren wayarsa zai rage magana da kowa, har da jandarman da ke jiran ya kira ya ce ya ga baƙin babura a bakin daji.