Jinjina ga Maggie Smith

Ba kowace 'yar wasa ba ce za ta ɗaga gira kawai, kallo ya koma kanta. Maggie Smith ta Ingila, wadda aka haifa a 1934, ta iya wannan. Sau biyu ta ci kyautar Oscar, ta farko da fim ɗin The Prime of Miss Jean Brodie na 1969. Yara sun san ta a matsayin Farfesa McGonagall a Harry Potter, har tana jinyar sankarar mama ba ta fasa fitowa ba. Ni dai a Downton Abbey ta fi burge ni: dattijuwa mai harshe kamar aska, magana ɗaya ta kashe bakin kowa. Ta rasu a Landan a 2024, tana da shekara 89.