4.3 Hoton Matan Indiya a Zanen Amrita Sher-Gil

A wannan sashe za a duba yadda Amrita Sher-Gil (1913–1941) ta yi amfani da fentin mai wajen fito da rayuwar matan Indiya. An haife ta a Budapest, mahaifinta Ba'indiye mabiyin addinin Sikh, mahaifiyarta kuwa 'yar ƙasar Hungary. A birnin Paris ta koyi zane, sannan ta koma Indiya a 1934. Wannan tarihi yana da muhimmanci, domin tambayar da ke gaban nazarin ita ce: shin da idon 'yar gida ta kalli matan da ta zana, ko kuwa da idon baƙuwa?

Zanen da ya fara fito da sunanta a Indiya shi ne "Three Girls", wato 'Yan Mata Uku, na 1935, wanda ya ci lambar zinariya a Bombay a 1937. A ciki an ga 'yan mata uku zaune kusa da juna, tufafinsu masu haske, amma babu mai kallon 'yar'uwarta, babu mai murmushi. Kowacce ta yi jugum kamar mai jiran hukuncin da wani zai yanke mata. Ƙarfin zanen yana cikin wannan saɓani na launi mai walwala da fuska marar walwala. Idan aka kwatanta shi da ayyukan Raja Ravi Varma (1848–1906), wanda ya saba zana mata cikin ado da kwalliya, za a ga Sher-Gil ta kauce wa ƙawa, ta nufi halin da zuciya ke ciki.

Sai dai akwai abin lura a nan. Waɗannan 'yan mata danginta ne, 'ya'yan gidan arziki a Amritsar. Haka kuma zane uku da ta yi a 1937 kan mutanen kudancin Indiya, ciki har da na ƙauyawa masu tafiya kasuwa, a Simla ta zana su, can arewa, bayan ta dawo daga tafiyar. Saboda haka ana iya cewa jimamin da ya mamaye fuskokin ya fi zama ra'ayin mai zanen game da Indiya fiye da abin da ta tarar. Da wuya a ce duk masu zuwa kasuwa babu mai hira ko raha.

Wannan rauni ya ragu a zanen "Haldi Grinders" na 1940, inda mata ke niƙa gangamau. A nan ta ja da baya, ta bar kututturan itatuwa sun tsaya tsakanin mai kallo da matan, fuskokinsu ba su fito sosai ba. Hankali sai ya koma kan aikin da yadda suka duƙufa a kansa. Ta rasu a Lahore shekara guda bayan haka, tana da shekara 28, kafin wannan salo ya gama nuna.